Fim Ɗin Kaboyi Mai Jan Akwatin Gawa: Yadda Ake Gano Inda Za A Kalli Django Na 1966 A Waya

Kafin finafinan Indiya su gama mamaye zukatan 'yan kallo a Arewa, kaboyi ne ke tashe a silima. Gidajen kallo irin su Rex da El Dorado da Plaza da Palace a Kano sun daɗe suna haska su, kuma samarin da suka je ci-rani daga ƙasar Zamfara, wasu a jirgin ƙasan da layinsa ya iso Ƙauran Namoda tun 1929, sun dawo gida da labarinsu a baki. Shi ya sa har yau a majalisar dattawa a Kurya Madaro ko Shinkafi ko Zurmi ba a rasa mai tuna wani jarumi da ya shigo gari a ƙasa, babu doki, yana jan akwatin gawa a cikin taɓo, ashe bindiga mai aman wuta ce a ciki.

Sunan fim ɗin Django. Sergio Corbucci, ɗan Italiya, ne ya ba da umarninsa, ya fito a 1966, kuma Franco Nero ne jarumin, a lokacin bai cika shekara 25 ba. Labarin ɗaukar fansa ne: Django na farautar Manjo Jackson, mutumin da ya kashe masa mace. Matashin da ya ji wannan labari yakan ɗauka da ya buga sunan a waya shi ke nan, fim zai fito. Abin da yakan biyo baya shi ne data ta ƙare a fim ɗin da ba shi ba ne, ko kuma wata manhaja ta ɓata-gari ta shige cikin wayar da yake ajiye kuɗinsa na OPay ko Moniepoint. Wannan maƙala bayani ce a kan hanyar da ake bi a kauce wa duka biyun.

A fara da tantance fim ɗin

Mafi yawan wahalar tana nan, tun kafin a zo maganar manhaja. Django ya samu karɓuwa ƙwarai a Turai, sai 'yan kasuwar fim na wancan zamani suka riƙa liƙa sunan a kan finafinan da ba su da alaƙa da shi. An yi sama da 30 masu ɗauke da sunan Django, wasunsu ma babu wani mai wannan suna a cikin labarin, a fosta kawai aka rubuta. Ci gaba na halak guda ɗaya ne, Django Strikes Again na 1987, wanda Franco Nero ya sake fitowa a ciki. Ga kuma Django Unchained na Quentin Tarantino da ya fito a 2012, wanda Jamie Foxx ya ja, kuma shi ne injin bincike zai fara jefo wa mutum saboda shi aka fi nema. Wani abin dariya, mai wayar da ya saba binciken darussan rubuta manhaja zai iya cin karo da wani Django na daban gaba ɗaya, wato tsarin gina shafukan intanet na yaren Python, wanda aka raɗa wa sunan makaɗin jita Django Reinhardt.

Maganin wannan ruɗani shi ne a haɗa abu uku a wurin bincike: suna, shekara, da sunan jarumi ko darakta. Wanda ya rubuta Django 1966 Franco Nero ya rufe ƙofar sauran. Wanda yake son tabbaci fiye da haka sai ya leƙa IMDb, inda kowane fim ke da lambarsa da ba ta canzawa ko da an sauya masa suna sau goma. Lambar Django ita ce tt0060315. A shafin ne kuma ake ganin tsawon fim, kuma wannan adadi yana da amfani nan gaba: Django kimanin minti 92 ne.

Sau da yawa dattijon da ya ba da labari bai riƙe suna ba, abin da ya gani kawai ya riƙe. Nan sai a yi aiki da alamomi, domin kowane shahararren fim na fansa yana da tasa. Idan aka ce wani mutum ne da ba ya yawan magana, kullum yana busa 'yar sarewar baki, kuma sai a ƙarshe ake gane cewa yayansa aka rataye a kan kafaɗarsa yana yaro, to Once Upon a Time in the West ne na Sergio Leone, 1968, da Charles Bronson da Henry Fonda. Idan agogon aljihu ne mai kiɗa, ana jira kiɗan ya tsaya a zaro bindiga, For a Few Dollars More ne na 1965, inda Lee Van Cleef ke neman wanda ya yi sanadin mutuwar 'yar'uwarsa, Clint Eastwood na tare da shi. Yaron da ya ga an kashe iyalinsa a daren ruwan sama ya girma yana bin makasan ɗaya bayan ɗaya, wannan Death Rides a Horse ne na 1967. Rubuta irin wannan bayani a Google da Turanci, ko da gurɓatacce ne, yakan fito da sunan. Idan kuma kiɗan aka tuna, manhajar Google tana da wurin neman waƙa da ke karɓar ko da gunguni ne mutum ya yi da baki, kuma ana iya gwada shi da kiɗe-kiɗen Ennio Morricone.

Akwai kuma batun suna a wasu harsuna. Finafinan nan na Italiya ne, don haka kowannensu na da sunan gida. Once Upon a Time in the West a Italiya C'era una volta il West ne, a Faransa kuma Il était une fois dans l'Ouest. Wannan na biyun ya shafi mutanen Shinkafi da Zurmi da ke hulɗa da Maraɗi, domin kwafin da ya ratso ta Nijar yakan zo da sunan Faransanci da muryoyin Faransanci. Death Rides a Horse kuwa a gida Da uomo a uomo ake ce masa. Bincike da sunan asali kan tono kwafin da sunan Turanci bai nuna ba.

Dalilin da fim ke nan a Amurka amma babu shi a Zamfara

Kamfanonin haska fim ta intanet ba su mallaki yawancin tsofaffin finafinan da suke nunawa ba. Haya suke yi, kuma hayar tana da iyaka biyu, ta ƙasa da ta lokaci. Mai fim zai iya ba wa kamfani ɗaya lasisin Amurka na shekara biyu, ya ba wani na Jamus, ya bar Afirka ta Yamma babu kowa saboda ba wanda ya taya. Manhajar tana gane inda mai kallo yake ta adireshin intanet ɗin da MTN ko Airtel ko Glo suka ba wayarsa, da kuma ƙasar katin da ya biya kuɗi da shi, sai ta nuna masa rumbun ƙasarsa kawai.

Mallakar finafinan kaboyin Italiya a tarwatse take fiye da ta sauran. Once Upon a Time in the West yana hannun Paramount a yawancin duniya. Finafinan Leone guda uku da Clint Eastwood ya fito a ciki kamfanin United Artists ne ya rarraba su a Amurka, daga baya suka koma rumbun MGM, shi kuma MGM Amazon ya saye shi a 2022 a kan dala biliyan 8.45. Mutum zai zaci wannan na nufin suna Prime Video a ko'ina, amma haƙƙin wasu ƙasashe yana hannun wasu kamfanoni na daban tun shekarun 1960. Django kuwa ƙananan kamfanoni ne suka yi ta karɓarsa, irin su Blue Underground a Amurka da Arrow Video, waɗanda kasuwarsu ta faifai ce da 'yan ƙasashe ƙalilan. Saboda haka duk rubutun da ya ce fim kaza yana Netflix, ba tare da ya faɗi ƙasa da wata ba, bai gaya wa mai karatu komai ba.

Kayan aikin da ya fi dacewa da wannan shi ne JustWatch, wani kamfanin Jamus da aka kafa a Balin a 2014. Ba ya nuna fim, aikinsa kawai ya faɗi inda fim yake. Ana buɗe shafinsa a burauza ba sai an sauke manhaja ba, a sauya ƙasa zuwa Najeriya, sannan a rubuta suna. Matakin sauya ƙasar nan shi ne wanda aka fi mantawa, kuma wanda ya manta zai ga jerin wurare goma na Amurka, ya yi murna a banza. Sakamakon yakan rabu kashi-kashi: na masu biyan kuɗin wata, na haya, na saye, da na kyauta mai talla. Idan shafin Najeriya ya fito fayau, to amsar ke nan a wannan rana, kuma ya fi a sani tun kafin a biya kuɗin wata. JustWatch ma yakan makara wajen sabunta bayanai, don haka kafin a biya ko sisi ya kamata a nemi wani mai asusu a manhajar ya buga sunan fim ɗin ya gani da idonsa.

Manyan manhajoji da abin da za a sa rai

Netflix ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2016, yana karɓar naira, kuma yana da tsarin waya zalla wanda ya fi sauran araha, ko da yake an ƙara masa kuɗi fiye da sau ɗaya tun 2024. Rumbunsa ya karkata ga sababbin finafinai da waɗanda ya shirya da kansa, tsofaffin shekarun 1960 kaɗan ne, kuma suna shiga suna fita. Abin da ba kasafai yake fita ba shi ne nasa na kansa. Mai sha'awar kaboyin fansa zai samu The Harder They Fall na 2021, wanda Idris Elba ya fito a ciki, kuma daraktansa Jeymes Samuel ɗan Birtaniya ne mai tsatson Najeriya. Ba Django ba ne, amma jikansa ne ta fuskar salo.

Prime Video ya buɗe tsarin Najeriya a Agustan 2022, kuma saboda rumbun MGM ya fi cancanta a duba shi idan tsohon fim ake nema. Plex yana da sashen kyauta mai talla da ke aiki a ƙasashe da yawa, kuma irin waɗannan sassa su ne matattarar tsofaffin kaboyi, sai dai abin da kowace ƙasa ke gani ya bambanta. Tubi da Pluto TV, waɗanda shafukan Amurka ke yawan ambata, ba sa aiki a Najeriya a hukumance. Northflix da manhajar Arewa24 kuwa na Kannywood ne da shirye-shiryen Hausa, ba wurin neman wannan ba ne.

Biyan kuɗi ma yana da nasa tarnaƙi. A 2022 bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira a shafukan waje, sai a Yulin 2025 wasunsu suka dawo da shi tare da iyaka. Duk wanda ya yi rajista don fim ɗaya tak, ya soke sabuntawar kai-tsaye a ranar da ya biya. Watan da ya biya zai ci gaba da aiki har ƙarshensa, kuma ba za a zare masa na gaba yana barci ba.

YouTube, inda aka fi dacewa kuma aka fi yin asara

A gaskiya yawancin masu nema a nan za su ƙare, kuma ba laifi ba ne, domin akwai tashoshin da ke ɗora cikakkun finafinai da lasisi, suna cin riba ta talla. Grjngo tasha ce ta kaboyi zalla, Film&Clips kuma ta kamfanin Minerva Pictures ce na Italiya, mai tarin tsofaffin finafinan ƙasar. Irin waɗannan tashoshi sukan rubuta bayanin lasisi a ƙarƙashin bidiyo, suna da alamar tantancewa kusa da suna, kuma sun shekara da shekaru suna aiki. Su ma wani lokaci za a tarar an toshe wani fim a Najeriya, dalilin dai shi ne wancan na hayar ƙasa-ƙasa.

Sauran kuwa sai an yi hattara. YouTube na da tsarin Content ID da ke kwatanta duk abin da aka ɗora da kwafin masu haƙƙi. Masu ɗora na sata suna ƙoƙarin ruɗa shi: su juya hoton dama ta koma hagu, su yanke gefe da gefe, su ƙanƙantar da fim ɗin a tsakiyar wani ado, ko su ƙara masa sauri har muryoyi su zama kamar na yara. A finafinan Leone yanke gefe babbar ɓarna ce, domin an ɗauke su ne a shimfiɗaɗɗen hoto, inda mutum biyu ke tsaye ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan suna jiran zare bindiga. In an yanke, sai mai kallo ya ga fili babu kowa. Baƙin layi a sama da ƙasan allo alama ce ta cewa hoton cikakke ne.

A nan tsawon da aka gani a IMDb ke aiki. Bidiyon da aka rubuta wa Django amma yake minti 58, an yanke shi. Wanda ya kai awa uku, ko dai an maimaita shi ne ko an cika shi da wani abu. Amma bambancin minti uku ko huɗu ba matsala ba ne: silima tana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, talabijin ɗin Turai kuma 25, don haka kwafin da aka ɗauko daga faifan Turai yakan gajarta da kusan kashi 4 cikin ɗari, minti 92 ya koma kamar 88, ba tare da an cire komai ba. Once Upon a Time in the West kuwa kimanin minti 165 ne, amma lokacin da aka fara haska shi a Amurka an datse kusan minti 20, kuma wannan gajeren yana yawo har yanzu. Dabara mai sauƙi ita ce a saukar da ingancin hoto zuwa 144p, a ja zuwa tsakiya da ƙarshe a gani ko fim ne na gaske, kafin a saki data.

Wani abin da ke sa mutane su yi watsi da kwafi mai kyau shi ne ganin baki bai dace da magana ba. Haka aka yi su. A Italiya ta wancan lokaci ba a ɗaukar murya a wurin ɗaukar hoto, 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban kowa na yin yarensa, daga baya a ɗora muryoyi a situdiyo. Muryar da ake ji a Django na Turanci ta Tony Russel ce, a na Italiyanci kuma ta Nando Gazzolo, babu ta Franco Nero a ko ɗaya. Wanda ya saba da fassarar Algaita ba zai ga baƙon abu ba a nan.

Shin tsohon fim ba na kowa ba ne?

Tambaya ce mai ma'ana, kuma amsarta tana da hawa-hawa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba fim kariyar shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi. A wannan lissafi, fim ɗin 1966 ya wuce wa'adinsa. Sai dai kiɗan da ke ciki aiki ne mai zaman kansa, kuma nasa wa'adin shekara 70 ne bayan mutuwar mawallafi. Luis Bacalov da ya yi kiɗan Django ya mutu a 2017, Morricone kuma a 2020. Ban da haka, YouTube da sauran manyan shafuka kamfanonin Amurka ne, inda finafinan wancan zamani ke da kariyar shekara 95. Wannan ne ya sa ake sauke kwafin da wani ya ɗora ko da daga Gusau ya ɗora shi.

Akwai dai fim ɗin fansa guda da ya kuɓuta daga wannan sarƙaƙiya. One-Eyed Jacks na 1961, fim ɗaya tilo da Marlon Brando ya ba da umarni a rayuwarsa, ya zama na kowa a Amurka saboda ba a sabunta rajistarsa ba lokacin da doka ta buƙata. Labarin wani ɗan fashi ne, Rio, da abokinsa ya gudu ya bari a hannun hukuma a Meziko, ya yi shekara biyar a kurkuku, ya fito ya tarar abokin ya zama shugaban 'yan sanda a wani gari na Kalifoniya. Ana samunsa a Internet Archive, wato archive.org, ɗakin ajiya na kyauta da aka kafa a 1996. Abin da ya sa wannan shafi ya dace da ƙauye shi ne yana ba da fayil na MP4 kai tsaye, yana nuna nauyinsa kafin a taɓa, kuma abin da aka sauke ya zama na mutum, zai iya tura wa wani ta Xender. Kwafe-kwafen da ke can sun bambanta a kyau, wasu dishi-dishi ne, don haka a duba kafin a zaɓa.

Lissafin data

Ƙa'idar guda ce: gudun megabit 1 a daƙiƙa yana cin kimanin 450MB a awa. YouTube na ba da shawarar gudun 0.7 don 360p, 1.1 don 480p, da 2.5 don 720p. Idan aka buga, Django zai iya cin kusan 480MB a 360p, kusan 760MB a 480p, da wajen 1.7GB a 720p. Once Upon a Time in the West a 720p zai iya haura 3GB. Wannan shi ne saman lissafi, sau da yawa abin da ake ci bai kai haka ba, amma da shi ya kamata a yi shiri, musamman tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashi a Janairun 2025. A allon waya mai inci shida, 480p ya wadatar. Ƙasa da 360p kuwa tsohon fim yana wahala, saboda hoton da aka ɗauka a kan fim na asali yana da ɗan tsakuwa-tsakuwa da matse bidiyo ba ya jurewa, sai wuraren duhu su zama dabbare-dabbare. Manhajar Netflix a nan ta yi ƙoƙari, domin tsarinta na tattalin data yana ba da kimanin awa shida a 1GB.

A wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kallo kai tsaye wahala ce kawai. Gara a sauke. Mutanen Zamfara sun san wannan fiye da kowa tun Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar, wasu yankuna suka yi kusan wata uku babu sabis, abin da ke cikin memori ne kawai ya rage wa mutane. Netflix da Prime Video duk suna da maɓallin saukewa, YouTube ma yana barin a ajiye wasu bidiyoyi a cikin manhajar a Najeriya ba tare da biyan kuɗi ba. Sai dai waɗannan a kulle suke, ba sa fita zuwa wata waya, kuma suna buƙatar wayar ta riƙa taɓa intanet lokaci-lokaci, in ba haka ba su daina buɗewa. Wanda zai shiga Ƙaura ranar kasuwa ko yake da ɗan'uwa a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke can, zai iya saukewa inda sabis ya fi ƙarfi, ko ya yi amfani da garaɓasar data ta dare. A tabbatar akwai wuri a waya da kuma caji, domin saukewar da ta katse a kashi 90 takan sa a koma farko.

Tarkon da ke cin asusu

Idan hanyoyin halak suka ƙare, sai shafukan da ke alkawarin kowane fim kyauta su fara kiran mutum. Ribarsu ba a fim take ba. Wasu maɓallin kunnawar ƙarya ne, ana taɓawa a jefa mutum shafin caca, ko a yi masa rajistar wani tsari da ke zarar kuɗi daga katin wayarsa kullum. Mafi muni su ne masu cewa sai an sauke manhajarsu. Fim yana ƙarewa da .mp4 ko .mkv, kuma yana da nauyin ɗaruruwan megabait. Duk abin da aka kira fim amma ya ƙare da .apk, ko nauyinsa bai wuce 15MB ba, manhaja ce, ko a Telegram aka turo shi ko a WhatsApp.

Abin da za a lura da shi shi ne izinin da take nema. Manhajar kallo ba ta da hujjar karanta saƙonnin tes, ko ganin lambobin mutane, ko neman izinin Accessibility. Wannan na ƙarshen an yi shi ne don taimaka wa masu larurar gani, kuma yana ba manhaja damar karanta duk abin da ke kan allo da danna maɓalli da kanta. Idan ta haɗa shi da izinin saƙo, tana iya ganin lambar sirri lokacin da ake bugawa, ta kuma karanta lambar tabbatarwa da banki ya turo. Ga mai sana'ar POS ko mai karɓar kuɗin dabbobi da hatsi ta waya, wannan asara ce da ta fi kuɗin Netflix na shekara goma. Wanda ya riga ya saka irin wannan, ya kashe data, ya cire mata izinin a saituna, ya goge ta, ya kunna binciken Play Protect, sannan ya canza lambobin sirrinsa. Su kansu shafukan ba su da tabbas: a Yulin 2025 hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa ta sa an dakatar da adireshin MovieBox.ng.

VPN kuma, wanda 'yan Najeriya suka koya lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ba ya warware matsalar kamar yadda ake zato. Ya saɓa wa sharuɗan yawancin manhajojin, Netflix idan ya gane shi yakan ɓoye duk abin da ba shi da lasisinsa a duniya baki ɗaya, kuma yana rage gudun sabis ɗin da dama can rarrafe yake. Na kyautar kuwa duk zirga-zirgar wayar ta hannunsu take bi.

Masu tura finafinai a kasuwa su ma hanya ce da kowa ya sani, amma kayansu ya fi yawa a Indiya-Hausa da Kannywood da finafinan faɗa na zamani, kuma wanda ya ce a tura masa Django kusan tabbas na Jamie Foxx zai samu. A buɗe fayil ɗin a gaban mai shago: na 1966 yana farawa ne da bayan mutum sanye da baƙar hula, yana tafe da sirdi a kafaɗa, yana jan akwati a cikin laka, sunaye na fitowa da jan rubutu.

Ga wanda Turancin fim ke yi wa sauri, VLC da MX Player suna karɓar fayil ɗin rubutun fassara mai ƙarewa da .srt. Ana ba shi suna iri ɗaya da na fim ɗin a ajiye su a jaka ɗaya, in rubutun ya riga magana ko ya makara a daidaita shi a cikin manhajar. Sau da yawa wancan bambanci na hoto 24 da 25 ne ke jawo saɓanin, don haka gara a nemi wanda aka yi wa kwafi mai tsawo iri ɗaya.

Django ba fim ɗin yara ba ne. Akwai wurin da ake yanke wa mutum kunne, akwai inda ake farfasa hannayen jarumin, kuma saboda irin wannan ne hukumar tace finafinai ta Ingila ta hana shi takardar izini har zuwa 1993. A yankin da mutane da yawa suka ji ƙarar bindiga ta gaske, ya kamata mai waya ya san wanda ke zaune kusa da shi kafin ya kunna. Idan da dattijo za a kalla ko a cikin iyali, For a Few Dollars More ya fi sauƙi a ido, ko da yake shi ma akwai harbe-harbe. Wanda kuma ya san Sholay na 1975 zai gane abubuwa da yawa a Once Upon a Time in the West, musamman wurin da ake kashe iyali a gaban gidansu, domin daga nan masu Sholay suka ɗauko yadda Gabbar Singh ya yi wa iyalan Thakur.